Hattara da mai tallar salansar tsofaffin babura: N185,000 ya ci min

Jama'a, duk mai neman kayan tsohon babur, musamman Honda CD175 ko Rodmasta, ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa ko sisi. Akwai wani da ke yawo a zaurukan Facebook na masu tsofaffin babura, yana cewa yana da salansa 'yar asali ta Japan, wadda ba a taɓa ɗaura ta ba, tana nan a takardarta tun zamanin da. Ƙarya yake yi. Ɓarawo ne. Naira dubu ɗari da tamanin da biyar ya karɓe min. N185,000. A wannan marrar.

Na so in haɗiye abin in yi shiru, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kuma tun kafin wani ya zo ƙasan rubutun nan ya ce ai kai ma da ganganci, ya tsaya ya ji yadda aka yi tukuna.

Babur ɗin na mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa. A 1975 ya saye shi da kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan da aka yi wa ma'aikatan gwamnati, lokacin yana koyarwa. CD175, silinda biyu, giya huɗu, batirinsa ma na bolt 6 ne, ba 12 ba. Ya daɗe a zaure buhuna sun rufe shi, har na ɗauko shi na ce sai na tada shi. An buɗe inji, an sa ringi, an yi fenti, an ɗinka kujera, wayarin duk an sake. Kowane abu da kaina na je na gani, na taɓa, na yi ciniki. Ba yau na fara sayen kayan babur ba, kuma ba a taɓa cutata ba. Abu ɗaya ya rage, salansa, ta dama da ta hagu. Na jikinsa sun ruɓe. Wanda ya sani ya sani, salansa daga ciki take mutuwa: raɓar da ke taruwa a cikinta idan ƙarfe ya huce ita ke cin ta, sai ka ga baya yana ƙyalli, ka danna da yatsa ya burma.

Na zaga Ƙofar Ruwa, na zaga Fagge, na je Panteka a Kaduna, har Nnewi na aika a tambaya min. Babu. Kowa sai ya ce a lanƙwasa maka bututu a haɗa da ta Jincheng, ai hayaƙi ne dai zai fita. To ni ba fitar hayaƙi nake nema ba. Hajiyarmu ta ce da ƙarar babur ɗin nan take gane ya shawo kwanar layinmu, ta tashi ta ɗora ruwan alwala. Ƙarar nan nake nema, kuma ƙarar a cikin salansar take.

Shi ne na rubuta a wani zauren Facebook cewa ina nema. Sai ga shi ta akwatin saƙo da sallamarsa. Bahaushe ne, Hausarsa tas. Ya karɓi lambata ya kira. Ga abin da ya fara tambayata, wallahi har yanzu yana min yawo a kunne:

"Ranka ya daɗe, injin naka mai kwanciya ne ko mai tsayuwa?"

Ku gaya min, mutum nawa ne a ƙasar nan za su yi wannan tambayar? CD175 na farko, na wajen 1967, injinsa a kishingiɗe yake ya karkata gaba. Daga baya aka sauya firam, silinda ta miƙe tsaye. Lanƙwasar wuyan salansarsu ba ɗaya ba ce, ta wannan ba ta hawa wancan. Duk kasuwannin da na zaga ba wanda ya tambaye ni haka, sai Baba bakanike da ke min aikin, wanda ya yi zamani da baburan nan. Na ce masa mai tsayuwa ne, na 1975. Ya ce, "Madalla, Alhaji, ka huta, da mai kwanciya ne da na ce ka yi haƙuri, babu." Ku ji fa. Ɗan damfara ne ke cewa da na ce maka babu. Wane mai hankali ne ba zai saki jiki ba?

Bai tsaya nan ba. Ya ce ta dama lambarta da 18300 take farawa, ta hagu da 18400, lambobi ukun tsakiya kuma su ke nuna samfurin babur. Haka Honda ke yi, na duba, gaskiya ne. Ya ce 'yar asali akwai tambarin HM na kamfanin Honda a buge a jikinta. Ya ce kar in kuskura in mayar da tsohon gasket na jan ƙarfe da ke bakin inji, sau ɗaya yake matsuwa, zai sa min sababbi guda biyu kyauta, da kwalar nan mai ɓari biyu da ke riƙe wuya. Kyauta! Mai kwanciya ne ko mai tsayuwa. Kai.

Da kwalin ya iso tasha, tun daga ɗagawa jikina ya ba ni. Ba nauyi. Amma bari, na tsallake zancen kuɗi.

Dubu ɗari da ashirin na fara turawa, N120,000. Farashin da muka tsaya a kai dubu ɗari da sittin da biyar ne duka biyun, shi ya fara da ɗari biyu. Kuma ban tura haka kawai ba, don na san abin da wasu za su ce. Na ce ya turo hoto, ya turo. Na ce ya turo bidiyo, ya turo, hannu yana juya salansa, ga HM ɗin ƙuru-ƙuru. Na duba shafinsa, ga mutane a ƙasa suna ta godiya, wannan ya ce kaya sun iso Gusau, wancan ya ce Allah ya ƙara kasuwa. Na tambayi inda yake, ya ce Legas, wani tsohon dila ne ya rasu magada suka buɗe sito. Abin da hankali zai ɗauka ne, ana samun irin haka. Me kuma ya rage in yi, in hau jirgi in je Legas saboda salansa?

Sunan da ke kan asusun ba shi ne sunan shafinsa ba. Na lura, ba wai ban lura ba, na kuma tambaya. Ya ce na ƙaninsa ne mai POS, nasa yana da iyakar abin da zai karɓa a rana. Rabin 'yan kasuwar da nake hulɗa da su haka suke yi.

Sai cikon, N45,000. A ka'ida sai kaya sun zo hannuna zan biya, haka muka yi da shi. Ya kira da daddare wai magada sun ce kaya ba za su fita daga sito ba sai an cika, kuma ga wani daga Kwatano ya zo da kuɗi a hannu yana so. Ya ce, "Alhaji, ni don na ji na marigayi ne na hana shi." Ni na ba shi labarin mahaifina da bakina, shi ne ya juya ya yanke ni da shi. Wannan ya fi kuɗin ci min rai. Na tura. Wani asusun daban kuma, wai na ɗaya daga cikin magadan. Sai N20,000 kuɗin mota da ɗauri, asusu na uku. Ɗari da ashirin, arba'in da biyar, ashirin. N185,000.

Ko kuɗin motar ne ya riga cikon? Ina jin kuɗin motar ne a tsakiya. Zan duba alat, duk suna nan, ban goge ko ɗaya ba.

To kwali. A gaban Baba aka buɗe, da yaran garejinsa duk a tsaye, don na riga na cika musu baki. Salansa biyu ne a ciki, gaskiya. Dukkansu na dama. Na ƙaramin babur mai silinda ɗaya, irin wanda ake sayarwa a kowane lungu, tsofaffi ma, an feshe su da fentin silba har kan tsatsa. Ƙarfen kamar gwangwanin madara. Ba HM, ba gasket, ba kwala. Baba ya juya ɗaya a hannu, bai ce komai ba, ya ajiye. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Abin da ya ƙara ƙona min rai, wani yaro a garejin ya ce bari a gwada ko wuyan zai shiga. Bakin bai kai ba, maƙalin baya bai zo daidai da ramin firam ba, ga kikstata tana dukan ta. Wajen kwancewa ɗaya daga cikin ƙusoshin da ke dashe a kan inji ta karye a ciki. Ƙusa mai shekara kusan hamsin. Yanzu sai an cire kan inji an kai wa masu injin huda su fito da guntun, in aka yi rashin sa'a zaren ramin ya lalace, wani aikin ne kuma. Wannan ma a wuyan ɓarawon nan yake, ban yafe ba.

Na kira shi nan take, ya ɗauka fa. Har da salati. Wai direba ne ya musanya kwali da na wani mutumin Sakkwato, in turo N15,000 a karɓo nawa a kawo. A nan na ce masa, Malam, ka ji tsoron Allah. Ya ce zai kira ni bayan sallar Magariba. Har yau Magaribar ba ta yi ba. Lamba a kashe, a WhatsApp ya toshe ni, shafin ya sauya suna da hoto amma tallar tana nan, yanzu har da kayan Vespa.

Na manta ban faɗa ba, hotunan. Ɗana ne ya sa su a Google Lens, manhajar nan mai gano inda hoto ya fito, minti bai cika ba sai ga su a tallar wani mai sayar da kayan tsofaffin babura a Ingila. Hatta tabarmar robar da aka ɗora salansar a kai ita ce. Bidiyon kuwa, da muka sake kallo, hannu ne kawai, ba fuska, ba murya, kuma hannun sanye da safar aiki. Lokacin ban kawo komai ba, ina ta kallon HM. Masu godiyar nan na ƙasan shafi, ka shiga shafukansu, ba hoto ba abokai, kusan duk a wata ɗaya aka buɗe su. Amma tambayar nan fa? A ina ya samo ta? Ko dai ya taɓa zama a garejin tsofaffin babura, ko ya zauna ya karance abin don irina. Mutumin da ya san bambancin mai kwanciya da mai tsayuwa zai iya cin halak da saninsa, ya zaɓi sata.

Na je banki, an ce in kawo takardar 'yan sanda da umarnin kotu kafin a taɓa asusun, kuma da wuya a tarar da komai a ciki. Na kai rahoto, ina bi. Tun da na fara maganar a zaure wani bawan Allah ya same ni ta saƙo, shi tankin mai aka yi masa alkawari, labarin sito da magada iri ɗaya sak.

Shawara dai: kar ka biya sai ka riƙe kaya a hannunka, ko ka tura wanda ka yarda da shi ya gani. In ya ƙi kiran bidiyo kai tsaye da sunanka rubuce a takarda kusa da kayan, rabu da shi. In asusu ya sauya, tsaya.

Hotunan hirarmu, rasit ɗin tiransifa uku, da hoton abin da ya zo a kwali, zan sa su a ƙasa da zarar ɗana ya rufe lambobin asusuna. Akwai muryarsa ma da na ɗauka a kira na ƙarshe, sai na ji daga wanda ke riƙe da ƙarar ko ya halatta in saka. Duk wanda aka yi wa irin wannan ya yi min magana mu haɗa rahoto wuri ɗaya. N185,000, Allah ya isa tsakanina da shi.

Kuma har yanzu ina neman salansar CD175 mai injin tsaye, ko ta hannu ce, ko ɗaya ce, ko da ɗan tsatsa in dai ba ta huje ba. Ni da Baba za mu zo har inda take mu gwada a jikin babur.