Masu injin yankan itace na hanyar Kalgo: sun iya kayarwa, amma kada ka bar musu zaɓe

Duk mai garka ko fili mai itatuwa tsakanin Birnin Kebbi da Jega ya san ayarin nan: afareta da injin Stihl 070 a bayan babur, yaransa biyu ko uku riƙe da igiya, gatari da jarkar fetur. Su ake kira idan turare ko dogon yaro ya bushe a tsaye, ana tsoron iskar farkon damina ta jefa shi kan katanga. Wajen kayarwa sai dai a yaba musu. Rauninsu yana wajen gane bishiyar da ta mutu da wadda take da sauran rai, kuma a nan mai fili yake tafka asara.

Lada a kan kowace bishiya ake biyansu, wani lokaci ma da itacen, don haka duk wadda suka gani ba ganye sai ka ji, "Alhaji, ai wannan ma ta tafi." Ba kullum ba. Malaina tana zubar da ganye da rani, gawo kuwa da damina yake tsayawa tsirara, ya yi ganye bayan ruwa ya ɗauke. Gwajin ba wuya: kankare ɓawon reshe da wuƙa. In ka ga kore da danshi a ƙarƙashi, tana raye. In launin ruwan ƙasa ne a bushe, reshen ya karye ƙas, sauko ka gwada jikin bishiyar a wuri biyu ko uku kafin ka yanke hukunci. Mafi kyau ka zagaya da fenti a watan Agusta, lokacin da duk mai rai ta yi kore in ban da gawo, ka shafa wa matattun alama, a zo a yanke bayan kaka kafin gobarar hunturu ta same su.

Masu ciwo ma ba duka ne na yankewa ba. Reshen da kauci ya kama, shi kaɗai ake sarewa, wajen rabin mita ƙasa da inda ya manne. Dogon yaron da kansa ya yi sharara, ganye ya koma ɗan tuntu a bakin rassa, irin abin da ya addabi Nijar da arewacin Najeriya a farkon shekarun 1990, yawanci ƙishirwa ce da ƙasar da shanu suka tattake; a sassauta ƙasar, a zuba taki, a jira damina ɗaya. Wadda ba a jira ita ce wadda fiye da rabin kanta ya bushe kuma ɓawo yana zubowa, ko wadda wani abu mai tauri, ja, mai faɗi ya tsiro mata a gindi, domin saiwarta ta riga ta ruɓe. Haka wadda ka buga da ƙeyar gatari ta amsa da ƙarar kogo: gara ta cinye cikinta.

Sai aikin kansa. Afaretan yana fara yanke baki a gefen da ake so ta faɗi, zurfin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin bishiyar, sannan ya shigo ta baya, ɗan sama da ƙasan bakin da kamar yatsu biyu. Ba ya ratsawa gaba ɗaya. Yana barin nama wajen kashi ɗaya cikin goma na kaurin, wanda ke riƙe ta kamar hinjin ƙofa har ta kwanta inda aka nufa. A busasshen itace wannan naman ba ya lanƙwasa, tsinkewa yake yi, shi ya sa suke ɗaura igiya can sama tun kafin a tayar da inji, masu ja su tsaya nesa da ninki biyu na tsawon bishiyar. Sun kuma san su leƙa kogo don ƙudan zuma, waɗanda ƙarar inji ke tayarwa. Idan akwai wayar wuta kusa, ba sa taɓawa sai an kira masu wuta sun kashe layin, kuma wannan daidai ne.

Abin da ba za a yafe ba shi ne rashin hular kwano. Kan busasshen turare yakan ɓalle da girgizar inji kawai, ya faɗo a kan mai yanka, ga shi da silifas. Haka in bishiya ta maƙale a jikin wata, sukan so su sare wadda ta tare ta. Hana su, a ja ta da igiya daga gindi, ko da tarakta in akwai.

Haɗin mai ma da ido suke yi. Ƙa'idar man inji na Stihl mililita 100 ce a lita 5 na fetur. In ya yi kaɗan inji ya ƙone, in ya yi yawa fulogi ya toshe, rabin wuninka ya tafi a gyara. Dubi abin da sarƙa ke fitarwa: ɓarɓashi manya alamar kaifi ne, gari laushi kuwa ta dakushe, a tsaya a wasa da magagari. Busasshen itacen da gara ta shafe da ƙasa yana kashe kaifi nan da nan, sai a fara kankare gindin da gatari.

Kafin su zo, je ofishin gandun daji na ƙaramar hukumarka ka nemi izini, musamman in akwai maɗaci ko giginya. Su ba sa tambaya, kai malamin daji zai nema. A yi ciniki a fili kan wa zai sayi fetur, wa zai kwashe rassa, don in ba a faɗa ba gungumen kawai suke ɗauka. Kututturen turare mai sauran rai a yanke shi a karkace, kamu ɗaya daga ƙasa, zai yi toho. Bayan shekara a rage masu ƙarfi biyu ko uku. Wanda ya ruɓe a gindi kuwa a tone shi da saiwarsa a ƙone, kuma aikin masu diga ne, kuɗinsa daban.