Asabar huɗu a ajin koyon kasuwar hannun jari a Jos

Ba sha'awar zama ɗan kasuwar hannun jari ce ta kai ni ajin nan ba. Abin da ya kai ni wata tsohuwar jakar fata ce da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bari a ƙasan akwatinsa a gidanmu na Gangare, cike da takardun shaidar hannun jari waɗanda tun rasuwarsa babu wanda ya san yadda za a yi da su. Da na ga tallar kwas ɗin nan na Asabar huɗu da ake yi a zauren wani otal a hanyar Rayfield, wanda mutanen Jos da dama sun san shi kuma sun san abin da ake biya, sai na yi rajista a watan Fabrairun 2025. Abu biyu ne suka ja ni a takardar tallar: an ce za a koyar da yadda ake karanta kasuwa, an kuma ce Asabar ta ƙarshe gaba ɗayanta ta sukuk ce, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, da sauran hanyoyin zuba jari marasa kuɗin ruwa.

Wadda ta ɗauki makonni ukun farko wata dattijuwa ce da ta yi shekaru tana dillancin hannun jari a Legas kafin ta dawo gida, kowa kuma Hajiya yake ce mata. A ranar farko ta rubuta naira miliyan ɗaya a allo, ta rubuta kashi 34.80 cikin ɗari a gefe, wato hauhawar farashin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayar na Disambar 2024, sannan ta nuna mana cewa wanda ya ajiye miliyan ɗaya a asusu tsawon wannan shekarar bai taɓa ba, abin da kuɗinsa za su iya saya ya koma na wajen dubu 740. Daga nan ta bi da mu tun daga cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, zuwa sakin naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yuni, zuwa yadda Babban Banki ƙarƙashin Olayemi Cardoso ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 27.5 cikin 2024 kaɗai. Wannan ɓangaren ya yi kyau, amma wanda yake bin labarai zai iya tsintar rabinsa a rediyo.

Abin da ya biya mini kuɗina ya faru ne a Asabar ta biyu, lokacin hutun shayi, ba a cikin darasi ba. Na ɗauki jakar na same ta a teburinta ina jin nauyi, domin a zatona za ta ce in nemi dillali in biya shi. Ta ture kofin shayinta gefe, ta sa tabarau, ta ce, "Zauna, ɗana, mu ga abin da Baba ya bar muku." Takardun sun yi ja saboda daɗewa, wasu sun manne da juna saboda danshin damina, sai da ta riƙa raba su a hankali da gefen katin ATM. Tana ganin kwanakin da ke jiki ta faɗi labarin mahaifinmu kamar ta san shi. Shi ɗan kasuwar yadi ne da gobarar babbar kasuwar Terminus ta 2002 ta cinye wa rumfa, kuma da ya ɗan farfaɗo sai ya ce ba zai sake tara dukiyarsa a inda wuta za ta iya ci ba. A daidai lokacin ne, a 2004, gwamnan Babban Banki na lokacin, Charles Soludo, ya umarci bankuna su kai jarinsu naira biliyan 25, bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25, ma'aikatansu suka bazu shago-shago suna tallar hannun jari. Mahaifinmu ya saya a 2005, ya ƙara a 2007 lokacin da farashi yake ta hawa. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar ya haura maki dubu 66, kafin shekarar ta ƙare kuma ya faɗo ƙasa da rabin haka. Tun daga lokacin bai sake buɗe jakar ba, mu kuma muka taso da jin cewa hannun jari caca ce.

Hajiya ta kasa takardun kashi uku a kan teburin. Kashi na farko ta ɗora hannu a kai ta ce in yi haƙuri, na ɗaya daga cikin bankuna ukun da aka karɓe lasisinsu a watan Agustan 2011 ne, masu hannun jari a ciki ba su tsira da komai ba. Ta bayyana mini cewa idan kamfani ya durƙushe, masu ajiya da masu bin bashi ake fara sallama, mai hannun jari shi ne na ƙarshe a layi, domin shi mai kamfani ne, ba mai bin kamfani ba. Ban taɓa fahimtar abin da kalmar hannun jari take nufi ba sai a wannan jimlar. Kashi na biyu na bankunan da wasu suka haɗiye ne bayan gyaran da Sanusi Lamido Sanusi ya fara a 2009 yana gwamnan Babban Banki, ta ce waɗannan an mayar da su hannun jarin sabon bankin bisa wani lissafi, sun ragu sosai amma ba su mutu ba. Kashi na uku, takardu huɗu kacal, ta ɗaga su sama tana murmushi ta ce waɗannan da ransu, kuma shekara da shekaru ana raba musu riba ana aikawa akwatin gidan waya da babu mai buɗewa.

Sannan ta juya bayan takardar darasi ta rubuta mini hanya da hannunta. Kowane kamfani yana da magatakardan da ke riƙe da rajistar masu hannun jarinsa, shi za a fara nema. Tun da mai dukiyar ya rasu, sai an kawo takardar izinin kula da gado daga kotu. Daga nan a buɗe asusu a CSCS, wato kamfanin da ke ajiye bayanan hannun jari a na'ura, ta hannun dillali mai lasisi domin a mayar da takardun zuwa na'ura, sannan a cike fom ɗin biyan riba kai tsaye ta banki. Ta kuma kwantar mini da hankali cewa ribar da ta wuce shekara shida ba a karɓa ba, dokar kuɗi ta 2020 ta ce a mayar da ita wani asusun amana na gwamnati, amma mai ita yana da ikon nema a kowane lokaci. Ita ce ma ta lura da abin da mu 'ya'yansa ba mu taɓa lura da shi ba, cewa an rubuta sunan mahaifinmu iri uku a takardun, wani da Alhaji a gaba, wani da sunan kakanmu a ƙarshe, ta ce wannan kaɗai zai iya cin wata shida idan ba a fara da rantsuwar kotu ba. Duk wannan ta yi shi ne cikin minti ashirin, shayinta ya huce, ba ta nemi ko sisi ba. Da an tambaye ni a yammacin nan, da na ce babu kwas irin wannan a Filato.

Kafin in tashi na yi mata tambayar da ta fi damun mahaifiyarmu, wato ko ribar da ta fito daga banki mai mu'amala da kuɗin ruwa ta halatta mu ci. Ta ce, "Wannan hukunci na malamai ne, ɗana, ba nawa ba. Amma ka jira Asabar ta huɗu, za a kawo wanda zai nuna muku inda za ku mayar da kuɗin idan kun sayar." Na koma gida na gaya wa tsohuwa haka, ta ce to Allah ya kai mu.

Asabar ta huɗu ta zo, Hajiya ba ta zo ba, masanin sukuk ɗin da aka alkawarta ma bai zo ba, babu kuma wanda ya ga ya dace ya ba mu haƙuri. A madadinsu mai shirya kwas ɗin ya gabatar da wani matashi da kwamfutar cinya, ya ce abokin hulɗarsu ne. Awa biyu da rabi yaron nan yana haska mana hotunan ribar da ya ce ya ci a cinikin kuɗaɗen waje ta intanet, da hoton motarsa, da hoton wani gida da ya ce yana ginawa a Abuja, ƙarshen zancen kuma shi ne a biya kuɗin wata a shiga rukuninsa na WhatsApp inda zai riƙa faɗin lokacin saye da lokacin sayarwa. Bai nuna mana ko sau ɗaya ranar da ya yi asara ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a wannan zauren, a kan wannan allon, mako guda kafin nan Hajiya ta tuna mana yadda MMM, tsarin nan na alkawarin ninka kuɗi, ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, ta ce duk wanda ya yi maka alkawarin samun a wata ɗaya abin da takardun lamunin gwamnati ba sa bayarwa a shekara, ka fara duba sunansa a jerin masu rajista na hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar hannun jari kafin ka saurari jimla ta biyu. Wani dattijo ɗan fansho da ke gefena ya ɗaga hannu ya tambayi matashin lambar rajistarsa, sai ya amsa da cewa ana kan aikin takardun. Duk da haka na ƙirga mutum tara da suka tura masa kuɗi kafin a tashi. Wata biyu bayan haka, a Afrilu, CBEX, wata manhajar zuba kuɗi ta intanet mai alkawarin riba mai yawa, ta ruguje da dukiyar dubban 'yan Najeriya. Ba shi ba ne, amma duk wanda ya zauna a zauren nan ya san salon waƙar.

Sukuk kuwa minti goma sha biyar aka ba shi a ƙarshe, mai shirya kwas ɗin da kansa ya karanto daga wayarsa ana kiran sallar La'asar. Daga baya ni da kaina na bi na gano abin da na biya a koya mini: cewa Ofishin Kula da Basussuka ne yake fitar da shi, cewa na farko a 2017 na naira biliyan 100 ne na shekara bakwai a kan ribar kashi 16.47 a shekara, cewa tsarinsa haya ne, wato kuɗin masu saye ake gina hanya da su gwamnati kuma ta riƙa biyan hayar hanyar sau biyu a shekara, kuma da naira dubu goma ana iya shiga. Haka nan a kasuwar hannun jari akwai ma'aunin NGX Lotus Islamic da ke tace kamfanoni, yana cire bankuna masu kuɗin ruwa da kamfanonin giya. Da an yi darasin yadda aka alkawarta, da na san cewa sukuk ba kullum ake sayar da sabo ba, ana buɗe ƙofa ne na 'yan kwanaki a rufe. Da aka fitar da na watan Mayun 2025 a kan kashi 19.75, ban ji ba sai da aka rufe.

Takardun darasin da aka ce za a turo ta imel har yau ba su iso ba, na kira sau uku ana ce mini gobe. Takardar shaidar kammalawa kuwa an bayar tun a ranar, da kyakkyawan zane, amma an yi kuskure a sunana.

Saboda haka idan wani ya tambaye ni ko ya biya, amsata ita ce ya fara tambaya ko Hajiya ce za ta koyar, sannan ya nemi a rubuta masa sunan wanda zai ɗauki Asabar ta huɗu kafin ya tura kuɗi. Idan suka yi ta kwana-kwana, ya riƙe kuɗinsa. Mu dai magatakarda biyu cikin huɗu sun riga sun biya, kuɗin ba su kai abin da ƙannena suka yi ta lissafawa ba, amma sun isa an sake rufin ɗakin mahaifiyarmu kafin damina, bayan an ware abin da malamin unguwarmu ya ce a fitar a yi sadaka da shi. Sauran biyun suna nan sun maƙale a kan batun sunan nan iri uku, kuma takardar da Hajiya ta rubuta mini da hannunta ita nake ɗauka duk ranar da zan koma kotu.