Taragon madara na Lionel: tsoho ne, amma yana aiki

Taragon jirgin ƙasa na wasa da na saya na hannu ne, ƙirar kamfanin Lionel na Amurka mai lamba 3472, irin wanda kamfanin ya fara fitarwa a 1949 bayan na farko mai lamba 3462 na 1947. Girman O ne (ɗaya daga cikin ma'aunan girman jiragen wasa), mai bin dogo mai layi uku. Ya zo da dandamalinsa na ƙarfe da 'yan gwangwanayen madara.

Abin da ya sa na neme shi, ina so ƙaramin layin ƙauye da na shimfiɗa ya samu jirgin madara irin na kamfanin jirgin ƙasa na Rutland a jihar Vermont ta Amurka, wanda a da yake tsayawa kusan kowace tasha yana kwasar madarar manoma zuwa Boston da New York. Jigilar nan ta daɗe, tun 1842 layin dogo na Erie ya fara kai madara birnin New York daga gundumar Orange ta jihar New York. Jirgin madara jirgi ne da ba ya gaggawa, kuma a ƙaramin ɗaki wannan ne daɗinsa: gajeren layi sai ya zama doguwar tafiya saboda yawan tsayawa.

Ana zuba gwangwanayen ta wata ƙofa a rufin taragon. Idan ya tsaya a kan sashen dogo mai maɓalli, ka danna, ƙofar gefe ta buɗe, wani ɗan mutum mai fararen kaya ya turo gwangwani ɗaya waje. Akwai maganaɗisu a gindin kowanne, shi ke sa ya tsaya cak a kan dandamali. Wallahi har yanzu ina jin daɗin ƙarar nan ta "kwas" idan ya sauka daidai.

Sai dai yana son a san hannunsa. Wuta ta yi yawa, mutumin ya yi jifa da gwangwani har ya wuce dandamali. Ta yi kaɗan, ya tsaya a bakin ƙofa. Nawa ya zo da busasshen mai da ƙura a ciki, mai sayarwar bai goge ba, gwangwanaye suna ta maƙalewa. Da na share mazirarin ba tare da na sa mai ba, matsalar ta kau.

Taransifomar da ta zo da shi ta wutar Amurka ce, dole a haɗa da mai rage wuta tunda tamu ta ninka tasu. Wani abu kuma, taragon saukewa kawai yake yi, ba ya lodi, don haka a tashoshin ƙauye da hannu nake ɗorawa. Gwangwanayen ƙanana ne ƙwarai, mai yara a gida ya adana su nesa. Duk da haka, da zan samu wani mai lafiya irinsa, zan ƙara saya.