Sefaria: dare uku ina kan aya ɗaya

Maƙwabcina, wanda ke koyarwa a makarantar tauhidin Kirista, ya nuna mini littafin Farawa na Attaura, 1:26, inda Allah ya ce "Bari mu yi mutum". Ya tambaye ni, su wa ke cikin wannan "mu"? Na ce ai girmamawa ce, kamar "Nahnu" a Alƙur'ani. Ya ce to, je ka ji bakin masu Attaurar. Shi ne ya saka mini manhajar Sefaria, taskar littattafan addinin Yahudu, a waya.

Kyauta ce, ba talla. Kana taɓa aya da yatsa sai sharhunan malaman Yahudu su jeru, Ibrananci da fassarar Turanci. Wannan kaɗai ya isa a yaba mata.

Rashi, malamin Faransa da ya rasu a 1105, ya ce da mala'iku Allah ya yi shawara, don babba ya koyi tuntuɓar na ƙasa da shi, kuma aya ta 27 ta koma tilo: "ya halitta". Ramban na Girona a Sifen ya ce da ƙasa ake magana, jiki daga gare ta, rai daga Allah. Wanda ya fi ratsa ni shi ne Bereshit Rabba, tsohon sharhin malaman Yahudu a kan Farawa, inda aka ce Annabi Musa ya tsaya da rubutu ya tambayi Ubangiji me ya sa zai buɗe wa 'yan bidi'a ƙofa, aka ce masa ya rubuta, mai son ɓata ya ɓata.

Amsata ma tana ciki. Ibn Ezra, wani mai sharhin, ya kawo ta daga Sa'adiya Gaon, mutumin Fayyum na Masar, cewa haka sarakuna ke magana. Sai kuma ya ƙi yarda da ita! Ban ji daɗi ba, amma na karanta hujjarsa har ƙarshe.

Karaitawa fa, Yahudawa masu riƙe nassi su bar Talmud, wato kundin koyarwar malamansu, a bakin abokin hamayyarsu na fara jin su. A gabatarwar sharhinsa na Attaura Ibn Ezra ya ambaci jagororinsu, Anan da Binyamin, yana sukarsu. Binyamin ɗin nan na Nahawand shi ne ya ce Allah ya halicci mala'ika ɗaya, mala'ikan ya halicci duniya. Ƙirƙisani, shi ma Bakaraite, ya kawo labarinsa cikin Kitabul Anwar, da Larabci, a ƙarni na 10. Wannan littafin nake nema yanzu, tunda Larabcin ina ji.