Auta, faifanka biyu sun tashi, ɗayan kuwa sai haƙuri

Auta ya gida, ya jikin Hajiya, ya kasuwa? Saƙonka ya iso, mutumin da ka ba ya kawo min faifan nan guda uku na gidan gem ɗinka har ɗakina a nan Birmingham, a naɗe cikin ledar burodi, wallahi sai da na yi dariya, wato kai abin da kake kuka ya karce shi ka tura ƙasar waje ba ko kwali.

Ranar Asabar na kai su gyara wani shago da ke saye da sayar da tsofaffin gem a cikin gari. Yarinyar da ke kanta ta ɗaga kowanne ta haska a fitila, ta ware San Andreas da God of War II na PS2, wato PlayStation 2, gefe guda ta ce waɗannan za su gyaru, fam uku-uku. Injin gyaran faifan bai fi girman ƙaramin firij na ofis ba, ta ɗora faifan, ta zuba wani farin ruwa mai kama da madara, ta rufe, ya yi ta gurnani kamar minti biyar. Da ta fito da shi har fuskata nake gani a ciki, duk zanen nan da yaranka suka yi masa ya tafi. Na gwada su a tsohuwar PS2 ɗin wani abokina ɗan Gana, San Andreas ya wuce wajen da kake cewa yana maƙalewa lafiya lau.

FIFA 23 ɗinka na PS4 ne ta ƙi karɓa, ta ce ko ta saka asarar kuɗina zan yi. Ni da farko na zata ƙyuya ce irin ta masu shago, sai daga baya na gane gaskiyarta. Injin nan ba ya ɗinke komai, kankare saman robar yake yi kaɗan har ya kai ƙasan karcen. Faifan PS2 irin waɗannan DVD ne, bayanan suna can tsakiya, akwai roba mai kaurin milimita 0.6 a kansu, to akwai abin kankarewa. Na PS3 da PS4 da PS5 kuwa Blu-ray ne, bayanan milimita 0.1 kacal suke daga sama, sai wani shafi mai tauri da aka yi masa don kar ya karce da wuri, shi ya sa yana daɗewa bai ji ciwo ba amma ranar da ya ji mai zurfi to an gama. Kuma ta tambaye ni wa ya goge shi da makilin, na ce ƙanina ne, injiniya ne babba a Kano. Don Allah ka daina. Makilin yana ɗan taimaka wa tsohon sidi mai ƙaramin karce, a Blu-ray ɓarna yake ƙarawa. Tsumma mai laushi irin na goge tabarau ya isa, ka goga daga ramin tsakiya zuwa baki a miƙe, ba zagaye-zagaye ba yadda muke yi da gefen riga.

Abin da na lura da shi a nan, mutane ba su dogara da mai gyara ba, da rasit suka dogara. Akwai dokar masu saye ta 2015, in ka sayi abu a shago ya zo da matsala kana da kwana 30 ka mayar a ba ka kuɗinka cif, ko da na hannu ne. Na taɓa sayen wani gem na hannu ya tsaya a wajen sakawa, na koma da rasit ina ta shirya rantsuwa a raina irin wadda zan yi a Sabon Gari, mutumin ko kallona bai yi sosai ba ya mayar min da kuɗin a kati. Har na ji wani iri, kamar an hana ni faɗa.

Amma kar ka ɗauka komai nasu ya fi namu. Ranar da hannuna na PS5, abin da ake riƙewa a buga gem, ya fara ja gefe ɗaya shi kaɗai, kuɗin gyaran da aka gaya min ya kusa na sabo, kuma sai na bar shi kwanaki. A Farm Centre ko Beirut Road yaro zai buɗe shi a gabanka ya canza abin yana hira da maƙwabcinsa kafin ka gama shan lemo. Idon na'ura mai karanta faifai ma haka, a nan in ya mutu yawanci sai dai a ce ka sayi wata. Wannan hannun na mutanenmu ina kewarsa ƙwarai.

Maganar abin da za ka saya. Kowa a nan GTA VI yake jira, sabon gem na dangin San Andreas, sun nuna tallan farko tun Disamba 2023, suka ce 2025, suka ɗaga zuwa Mayu 2026, suka sake ɗagawa zuwa 19 ga Nuwamba 2026, to ni sai na gan shi a hannu zan yarda. A Vice City za a yi shi, da mutum biyu, Jason da Lucia, kuma PS5 da Xbox Series kawai, ba zai hau PS4 ɗinka ba. Akwai Wolverine na kamfanin Insomniac da suka yi Spider-Man, shi ma sun sa shi a 2026 kuma PS5 kaɗai, amma jini ya yi yawa a tallan, ba na yaran da ke zuwa bayan Islamiyya ba ne. Gaskiya dai gidan gem a unguwarmu ƙwallo ce ke riƙe shi, mutum biyu su biya su buga minti goma su tashi wasu su zauna, wa zai biya ka ya zauna yana bin labari awa talatin? Don haka sabon FC da ke fita duk wajen ƙarshen Satumba shi ne naka, tunda suka bar sunan FIFA bayan na 23. Kar ka saye shi satin farko, a nan sabo yana kai fam 70, in ka yi haƙuri zuwa rangwamen ƙarshen Nuwamba yana faɗowa sosai, ni zan saya maka.

Kar ka sayar da PS4 ɗinka guda huɗu don ka sayi PS5 biyu kamar yadda ka ce, ka ƙara guda ɗaya dai, kuma mai cin faifai, kar wani ya lallaɓa ka da mara faifai don ta fi araha, da wace datar za ka sauke gem mai gigabait ɗari, ga NEPA ta ɗauke a tsakiya. Mai faifan tana cin kusan duk na PS4 ɗinka, faifan nan ba ruwansa da ƙasar da aka saye shi, kuma wutar nan da filogi mai baki uku iri ɗaya ne da namu, sai dai ka haɗa ta da sitabilaiza saboda janaretonka.

Faifan biyu suna wajena, na saya musu kwali, zan ba mai zuwa bikin ƙarshen wata ya taho maka da su. FIFA 23 ɗin kuma na ɗora kofin shayi a kai. Ka gaida Hajiya, ka ce maganin ƙafarta yana cikin saƙon.