Gidauniyar wasu 'yan gida ɗaya a Ikoyi ta yi mana bohol a Agege, amma fa mun ji jiki

Tunda mutane suna ta tambayata a inbos yadda akai ƙungiyarmu ta samu bohol ɗin makarantar Islamiyya, bari kawai in rubuta anan kowa ya gani. Ba zan kama sunan gidauniyar ba, ta iyalan wani marigayi ce, 'ya'yansa ne kwamitin amintattu, ofis ɗinsu na Ikoyi. In tauraro biyar ake bayarwa ni uku da rabi zan basu.

Abinda na fara fahimta shine ba kamar Alhajin unguwa bane da zaka je ka durƙusa ya zaro daga aljihu. Tsarin kamar waƙafi yake, iyalin sun ware uwar kuɗi an zuba a hannun jari da gidajen haya, riba ake rabawa ba a taɓa uwar, shi yasa sau ɗaya a shekara suke buɗe ƙofa in ka makara sai baɗi. Ko Dangote ma ai a 2014 ya ware dala biliyan 1.25 ya ɗora gidauniyarsa akai, waɗannan dai ƙananan ne sosai akansa. Kuma ba irin ta Tony Elumelu bace da take ba matashi dala 5,000 ya ja jari, su mutum ɗaya basa bashi ko sisi, sai ƙungiya.

Nan muka sha wuya. Sai kana da rijistar amintattu ta CAC, wato hukumar yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rijista, da satifiket ɗin SCUML, sashen EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram, da asusun banki da sunan ƙungiya ba sunan shugaba ba. Mu kuma shekara da shekaru kuɗinmu a akawun ɗin ma'aji yake, bawan Allah mai amana wallahi, amma matar dake teburin ta ce ita takarda ta sani. Fom ɗin duk turanci ne, kuma a intanet ake cikawa, wani yaro mai bautar ƙasa ne ya zauna damu dare biyu. Sau uku ina hawa danfo daga Agege zuwa Oshodi in sake wata zuwa Obalende, ga gosulo, in je ace manajan ya fita.

Amma gaskiya ranar da suka zo duba wuri sun burge ni. Autar marigayin da kanta tazo, ta cire takalmi ta shiga aji, ta ɗaga jarkar da yara ke ɗebo ruwa da ita ta ji nauyinta, tace Malam wa zai gyara famfon in ya lalace bayan mun tafi? Mukai tsuru tsuru. Sai da muka rubuta cewa iyaye zasu riƙa haɗa kuɗin gyara duk wata sannan takardarmu ta wuce.

Kuɗin ma bamu riƙe shi ba, kashi uku suka raba, kai tsaye ga mai haƙa, kowane kashi sai an kai rasit da hotuna. Wasu a cikinmu sun ji haushi wai an maida mu ɓarayi, ni kam daɗi naji, don ba mai zuwa gobe yace sakatare ya ci.

Abinda ya rage musu maki a wurina jinkiri ne. Tsakanin amincewa da sakin kashin farko wata biyar, kafin nan siminti da tanki sun tashi, suka ce abinda kwamiti ya sa hannu shikenan ba ƙari, sai da muka bi 'yan kasuwar shanu da ƙoƙon bara muka cike. Albashin malamai da man janareta ma basa biya sam. Ruwa dai yana zuwa tun kafin azumi, har maƙwabtanmu Yarbawa suna layi da safe. Wanda zai nema ya fara da CAC tun yanzu, ita tafi cin lokaci.