Arial Rounded MT Bold: yana da kyau amma ku duba ɓ kafin ku buga sitika

Yayata ta fara sana'ar zoɓo da kunun aya a robobi, ta ce in haɗa mata sitika tunda ni ne mai kwamfuta a gidan. Abin da take so kawai shi ne sunan ya fito ɓaro-ɓaro ko daga nesa, kuma kar ya yi kama da takardar kotu. To na zauna ina ta gwada salon rubutu kala kala har na tsaya a kan Arial Rounded MT Bold, na kamfanin Monotype, wanda ke zuwa da Microsoft Office.

Gaskiya ya burge ni. Haruffan masu kauri ne kuma bakinsu a zagaye yake babu tsini ko ɗaya, in ka rubuta shi da fari a kan ja irin kalar zoɓo sai ka ga sunan ya zauna daram, ko robar ta yi gumi bayan fitowa daga firij ana karantawa. Na gwada Cooper Black ma, tsohon salo ne tun 1922, amma ya cika nauyi a ƙaramar sitika, ramin cikin haruffan a da e sai ya kusa toshewa.

Matsalar ta fito ne da na rubuta Zoɓo. Salon ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa, babu ɓ babu ɗ babu ƙ, sai kwamfutar ta aro ɓ daga wani salon daban, siririya a tsakiyar masu ƙiba, kalmar ta zama kamar an yi mata faci. Mai buga mana ya ce haba kawai ka sa b mana kowa ya gane, ni kuma raina bai kwanta ba wallahi, abin sha namu ne sunan ma namu ne, don me za mu rubuta shi a karkace saboda salon da aka yi wa Turawa.

Abin da muka yi a ƙarshe, a manhajar zane ta CorelDRAW muka maida rubutun zane, mai bugun ya ɗauko lanƙwasar saman f ya liƙa a kan b, ya daidaita kaurin. Ya ci mana lokaci amma ya fito tsaf. Ƙananan bayanai kuma, lambar waya da kayan haɗi, Noto Sans na sa musu don shi yana da duk haruffan.

In sunan shagonka babu harafi mai lanƙwasa ɗauki Arial Rounded ɗin kai tsaye, ga kanun talla ma ya dace, sai dai kar ka zuba dogon rubutu da shi yana gajiyar da ido. In kuwa akwai, fara rubuta ɓ ɗ ƙ manya da ƙanana ka gani da idonka kafin ka biya kuɗin bugu.